Dan Allah a taimaka: manhajar da na haɗa wa Kawu wai bata ga direba ba

Ɗan_Agege, Asabar 10:20 na safe

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu Java ku kawo ɗauki, yanzu haka ina zaune a shagon Kawu a kasuwar Mile 12 kaina ya gama ɗaukar zafi.

Ga yadda abin yake. Kawuna dillalin albasa ne, kaya na zuwar masa daga Aliero da wajajen Sakkwato, kuma duk lissafinsa a littafi yake, wa ya ɗauki buhu nawa, wa ya biya rabi, wa yace sai Juma'a, to in ruwa ya taɓa littafin ko yaron shago yayi rubutunsa kamar tafiyar tsutsa shikenan sai gardama da 'yan sari har la'asar. Shine nace bari in gwada ɗan karatun da nakeyi, na haɗa masa wata 'yar manhaja da yaren Java a NetBeans, wato manhajar da ake rubuta kod a ciki, bayanan kuma suna zama a rumbun bayanai na MySQL da yake zuwa cikin kunshin XAMPP. Wata biyu ina kanta kullum bayan isha'i. A laftof ɗina a gida tana aiki lafiya lau wlh, ka shiga da kalmar sirri, ka saka sunan mai bashi, ta fito maka da jimilla, har rasit take bugawa.

Kawu ya sa aka sayo masa kwamfutar tebur 'yar tokumbo a Computer Village, ranar Laraba nazo na saka mata Java 8 da XAMPP. Jiya da daddare na danna Clean and Build, na kwafi Lissafi.jar, wato fayil ɗin manhajar, a filash, yau da sassafe na taho. Na danna fayil ɗin sau biyu, shafin shiga ya buɗe kyakkyawa, Kawu har ya kira maƙwabcinsa yazo ya gani, na saka suna da kalmar sirri na danna maɓallin shiga... shiru. Na sake dannawa, shiru. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da na buɗe baƙin allon nan na cmd na rubuta java -jar Lissafi.jar sai ga abinda ya fito:

java.lang.ClassNotFoundException: com.mysql.jdbc.Driver

Abinda na gwada zuwa yanzu, wani abokina ya turo min mysql-connector-j-8.0.33.zip ta WhatsApp na ajiye shi a gefen Lissafi.jar, bai yi ba. Na bi wani bidiyo a YouTube na shiga saitin Windows na ƙirƙiri CLASSPATH na nuna masa inda fayil ɗin yake, na kashe kwamfutar na kunna, bai yi ba. Laftof ɗin kuma na baro shi a Agege, in koma in ɗauko in dawo yau Asabar ai yinin ya ƙare a gosulon Ojota da Ketu.

Abin dariya abin haushi, Kawu yaji ina waya ina cewa direba ne babu, sai yace wane direban, ai tun jiya ya sauke kaya ya juya Arewa. Dan Allah me nake yi ba daidai ba? Kod ɗin dai ban taɓa ko harafi ɗaya ba tsakanin gida da nan.

AbbaIdiAraba, Asabar 10:41 na safe

wslm. kai dai ka bude zip din ka ciro jar din dake ciki ka jefa shi a foldar lib\ext dake cikin inda aka saka Java a Program Files, shikenan magana ta kare. ni haka nayi lokacin furojet dina na makaranta kuma bai taba bani matsala ba. kar ka wahalar da kanka da dogon turanci

Injiniya_Yaba, Asabar 11:15 na safe

Wa alaikumus salam ƙanena. Da farko kwantar da hankalinka, kod ɗinka lafiyarsa ƙalau, kuma babu wanda ya taɓa rubuta Java da rumbun bayanai da wannan saƙon bai mare shi ba ko sau ɗaya. Ni nawa a gaban maigidan da ya fara bani aiki ya same ni.

Abinda ya kamata ka gane shine Java ita kaɗai bata san yaren MySQL ba. Abinda take dashi shine JDBC, wato tsarin yadda za'a yi magana da kowane irin rumbu, amma tafintan da zai yi maganar na ainihi daban yake zuwa, shine direban nan, Connector/J, kuma fayil ne na jar kamar naka. To ita kuma Java bata neman abu. Wannan shine gaba ɗaya matsalar. Ɗauke ta kamar yaron aike mai biyayya amma marar dabara, ka bashi takarda da sunan rumfa uku, rumfa ukun nan zai je ya dawo yace maka babu, ko da buhun da ake nema yana jingine a ƙofar shagonku ya tsallake shi lokacin fita. Takardar nan ita ake kira kilasfat (CLASSPATH), jerin wuraren da aka yarda ta duba. Abinda baya cikin jerin, a wajenta babu shi a duniya, ko yana kan Desktop ko yana manne da Lissafi.jar.

To me yasa a gida tayi aiki? Saboda NetBeans ne yake rubuta maka takardar a ɓoye duk lokacin da ka danna koren maɓallin nan. Ranar da ka saka direban a ƙarƙashin Libraries ya riƙe, kai kuma ka manta. Ka fito daga inuwarsa yanzu shine rana ta dake ka.

Kuma ina da tabbacin abinda ka baro a Agege. In kayi Clean and Build, NetBeans yana haɗa folda mai suna dist, a cikinta akwai Lissafi.jar, akwai wata folda lib, akwai kuma README.TXT da ba wanda yake karantawa, alhali a ciki aka faɗa ƙarara cewa in zaka kai manhajar wani waje ka ɗauki dist gaba ɗayanta har da lib. Direbanka yana cikin lib ɗin nan. Kai ka ɗauko mota ka bar direba a gida, kaga ashe Kawu bai yi nisa da gaskiya ba.

Su kuma abubuwa biyun da ka gwada, ga dalilin da basu yi ba. Shi zip ɗin da aka turo maka kwali ne kawai, in ka buɗe shi zaka ga folda, a cikinta ne jar ɗin yake tare da takardun lasisi da sauran tarkace, Java bazata shiga kwali ta shiga folda ta sake buɗe wani jar ba. Shi kuma CLASSPATH na saitin Windows, duk lokacin da ka tada manhaja da -jar, ko ka danna ta sau biyu wanda shima -jar ɗin ne a ƙarƙashin ƙasa, Java bata ko kallonsa. Abinda take karantawa wani ɗan fayil ne a cikin jar ɗinka, META-INF/MANIFEST.MF, wato manifes, a layin da ya fara da Class-Path. Ka koma ka goge wancan da ka ƙirƙira, gaba zai iya rikita maka wani abin daban ka rasa daga ina.

Maganar Abba kuma, ba ƙarya yayi ba, a Java 8 zai yi aiki. Amma ni bazan baka shawarar ba. An cire tsarin lib\ext ɗin nan tun Java 9 da ta fito a 2017, kuma ko a 8 ɗin, ranar da Java ta sabunta kanta ta koma sabuwar folda direban ya tsaya a tsohuwar, sai Kawu ya kira ka ranar da kake da jarabawa yace abin ya mutu. Ga kuma duk wata manhajar Java a kwamfutar sai ta ɗauki wannan direban ko tana so ko bata so.

Abinda zaka yi yanzu ba sai ka koma gida ba, ka buɗe zip ɗin, ka ƙirƙiri folda mai suna lib a daidai inda Lissafi.jar yake, ka saka jar ɗin direban a ciki, ka sake gwadawa a cmd. Ka dawo ka faɗa mana me ya fito.

AbbaIdiAraba, Asabar 11:22 na safe

toh injiniya mun gode, ni dai tawa ta wuce lafiya har aka bani maki. amma gaskiya ban san an cire shi a 9 ba

Ɗan_Agege, Asabar 12:05 na rana

Yaya Injiniya Allah ya saka da alheri, wlh yanzu na gane inda na kwana, README ɗin nan na sha ganinsa ban taɓa buɗewa ba. Amma har yanzu da sauran rina a kaba. Nayi yadda kace, ga folda lib, ga mysql-connector-j-8.0.33.jar a cikinta, na goge CLASSPATH ɗin, na rubuta java -jar Lissafi.jar, saƙon dai shine bai canza ko waƙafi ba. Sai nace bari in nuna mata hanya da bakina tunda kace takarda take bi, na rubuta

java -cp lib\mysql-connector-j-8.0.33.jar -jar Lissafi.jar

nan ma dai ClassNotFoundException. Wuta ma ta ɗauke a tsakani sai da aka tada janareton maƙwabci, Kawu kuma ya fara cewa ko dai a ɗauko littafi ne dan motar Aliero ta biyu ta kusa shigowa. Ni abin ya fara min kama da asiri.

Hajara_Obalende, Asabar 12:31 na rana

Salam. Ba asiri bane ƙanina, suna ne. Dama ina karanta amsar Malam Injiniya nace wannan yaron zai dawo, dan direban da abokinka ya turo maka ba lallai ya zama shine wanda ka gina manhajar dashi ba.

Jar ai zip ne aka canza masa riga. Ka buɗe Lissafi.jar da WinRAR ko 7-Zip, duk wanda ke kan kwamfutar, ka shiga META-INF ka buɗe MANIFEST.MF da Notepad ka karanta. Zaka ga layi biyu da suka dame mu, Class-Path da Main-Class. Ina kyautata zaton a Class-Path zaka ga wani abu kamar lib/mysql-connector-java-8.0 da wata lamba. Ka lura da kyau, java ne a tsakiya ba j kaɗai ba, saboda daga 8.0.31 masu MySQL suka canza wa fayil ɗin suna daga mysql-connector-java zuwa mysql-connector-j. Ita kuma takardar nan cikakken suna take bi harafi da harafi, an aike ta wajen Malam Audu kai ka zaunar da Malam Abdu a rumfar, zata dawo tace babu kowa. Abin takaicin ma bata faɗa maka cewa fayil kaza na nema ban gani ba, shiru take yi ta wuce, sai can an zo buƙatar direba sannan ta fashe.

Umarninka na biyu kuwa ya faɗa ramin da Malam Injiniya ya riga ya nuna maka, sai dai ta wata ƙofar. Ba CLASSPATH na Windows kaɗai -jar yake watsarwa ba, har -cp ɗin da ka rubuta da hannunka a layi ɗaya dashi. Basa zama inuwa ɗaya, in -jar yana wajen shi ake ji. Mutane da yawa sun ɓata yini a kan wannan dan babu wani gargaɗi da yake fitowa.

Hanya biyu gareka. Mai sauƙi, ka canza wa jar ɗin dake cikin lib suna ya koma daidai abinda aka rubuta a manifes, zai yi aiki amma ni bana sonta, dan nan da wata shida kai kanka zaka ga 8.0 kaza a suna ka yarda alhali abinda ke ciki daban. Wadda nafi so, ka ajiye -jar gefe, ka saka jar ɗinka shima a cikin jerin, sannan ka kira sunan ajin (class) da manhajar take farawa dashi, wanda zaka kwafo daga layin Main-Class. In misali lissafi.Farawa ne, sai ka tsaya a cikin foldar ka rubuta

java -cp "Lissafi.jar;lib\*" lissafi.Farawa

Ka kula da ƙananan abubuwa dan su ke kada mutum. Tsakanin Lissafi.jar da lib waƙafi mai ruwa ne saboda Windows kake, in a Linux ne ko Mac ruwa biyu ake sawa, shi yasa in ka kwafo umarni daga intanet wani lokaci yaƙi yi, mai rubutun a wata na'urar yake. Tauraron nan kuma shi kaɗai zaka bari, yana nufin duk jar ɗin dake cikin lib, in ka ƙara masa .jar a gaba ya lalace. Kuma baya shiga foldar dake cikin folda, to kar ka jefa masa dukkan abinda ka warware daga zip, jar ɗin kawai. Sunan aji kuma babu .class babu .java a ƙarshe, babban harafi da ƙarami duk a bisu yadda suke.

Wani abu da na hango, tunda a kod ɗinka com.mysql.jdbc.Driver ka rubuta, wannan tsohon suna ne na zamanin 5.1. A 8.0 sabon shine com.mysql.cj.jdbc.Driver. Tsohon zai yi aiki da 8.0.33 amma zai fito maka da rubutu yana cewa an daina amfani dashi, kar gabanka ya faɗi ba kuskure bane. In ka koma gida ka gyara. Gaskiya ma layin Class.forName ɗin gaba ɗaya ba dole bane a irin manhajarka, tun Java 6 da JDBC 4.0 direba yake gabatar da kansa in dai yana cikin jerin. Sai dai kar kayi zaton goge layin yana maganin matsalar, in direban baya nan saƙon ne kawai zai canza ya koma No suitable driver found, ciwo ɗaya suna biyu. Shi wannan na biyun har ya fi wayo, dan in ka yi kuskure a adireshin, ka rubuta jdbc:mysq ko ka manta ruwa biyun, shima haka zai ce maka alhali direban na zaune lafiya.

Ɗan_Agege, Asabar 1:10 na rana

Anti Hajara kamar kina bayana kina kallon allon. mysql-connector-java-8.0.28.jar ne a manifes ɗin, ni kuma na ajiye j-8.0.33. Nayi umarnin da kika bayar, na kwafo Main-Class ɗin, ClassNotFoundException ya tafi alhamdulillah, rubutun tsohon sunan ma ya fito yadda kika ce. Amma yanzu wani sabo ne yazo mai tsawo kamar layin BRT da safe, farkonsa

Communications link failure

Kenan na gyara ko na ƙara ɓatawa? Motar Alieron ta iso Kawu ya fita wajen sauke kaya, ina da kamar awa ɗaya kafin ya dawo kaina.

Malam_Sabo_Alaba, Asabar 1:26 na rana

Ka gyara ɗana, ci gaba ne wannan. Duk ranar da saƙon kuskure ya canza to ka taka wani matakin. Wanda yake maka ƙorafin yanzu shine direban da kansa, an same shi, ya tashi, yaje ƙofa mai lamba 3306 ya ƙwanƙwasa ba'a amsa ba. Ka buɗe XAMPP ka duba ko MySQL ɗin a kunne yake, kace ɗazu an ɗauke wuta, ai baya tashi da kansa sai in ka saita shi ya zama sabis. Danna Start ka jira yayi kore.

Kuma bari in riga ka, in ya tashi abu na gaba da zai ce maka shine Unknown database, sai dai in ka zo da bayanan. Rumbun da ka gina da teburansa suna cikin laftof ɗinka, basa bin jar. Ana fitar dasu ne ta phpMyAdmin, shafin sarrafa rumbu da yake zuwa da XAMPP, su zama fayil na sql, ka kawo nan ka shigar. In baka zo dashi ba ka kira wani a gida ya kunna laftof ɗin ka bishi a waya mataki mataki ya turo maka, fayil ɗin ɗan ƙarami ne tunda babu bayanai da yawa. In ya ce Access denied kuma to kalmar sirrin root, babban asusun MySQL ɗin, ita ce ta bambanta, a XAMPP sabo fanko take zuwa. Kuma dan Allah kar ka barta fanko a kwamfutar da bashin mutane yake ciki, kasuwa ce, hannu da yawa.

Ku yaran yanzu ma kun samu sauƙi. Mu lokacin da muke haɗa Java da rumbun Access na Microsoft akwai wata gada da take zuwa a cikin Java ɗin kanta, sun.jdbc.odbc.JdbcOdbcDriver, ba ka sauke komai. Da Java 8 ta fito a 2014 aka cire ta. Akwai wata manhajar kuɗin makaranta da na rubuta wa wata islamiyya, shekaru tana aiki, rana ɗaya wani ya danna sabuntawa sai ga irin saƙonka na farko sak, na kwana biyu ina neman jar ɗin da zan saka a kilasfat alhali babu shi, abin ne aka kashe gaba ɗaya, sai da na koma wani direban Access mai suna UCanAccess wanda shi kuma ba jar ɗaya bane, yana da 'yan rakiya da dole su ma su shiga jerin, ka manta ɗaya ya baka NoClassDefFoundError. Har yau ina ganin ɗalibai suna kwafo wancan tsohon kod ɗin daga tsofaffin handawut suna mamaki.

Sannan Alhaji Kawunka bazai riƙa buɗe baƙin allo yana rubuta tauraro da waƙafi mai ruwa ba. Ka buɗe Notepad ka rubuta layi ukun nan

cd /d "%~dp0"
java -cp "Lissafi.jar;lib\*" lissafi.Farawa
pause

ka ajiye shi da suna Lissafi.bat a foldar, ka tura gajeriyar hanyarsa zuwa Desktop. Layin farko yana maida shi foldar da fayil ɗin yake ko daga ina aka danna shi, dan lib ɗin da ka rubuta daga inda ake tsaye ake lissafa shi. Na ƙarshen yana hana allon rufewa, in wani abu ya faru Alhaji ya ɗauki hoto ya turo maka. Ka tabbata bai zama Lissafi.bat.txt ba, Windows tana ɓoye wutsiyar suna.

Injiniya_Yaba, Asabar 1:48 na rana

Hajiya Hajara kin kama abinda ya wuce ni, na ɗauka abokin nasa irin na gidan ya turo. Malam Sabo Allah ya ƙara girma.

Ƙari ɗaya ƙanena tunda XAMPP kake. Abinda aka rubuta wa MySQL a allon nan a gaskiya MariaDB ne a ciki, 'yan uwan juna ne shi yasa direban MySQL yake shiga, amma kar ka ga sabon direba ya fito ka ɗauko ka jefa a lib ba tare da ka gwada a gida ba, kuma kar ka bar guda biyu a foldar, da tauraron nan baka da iko a kan wanda za'a fara ɗauka. MariaDB ma tana da nata direban, adireshinsa da jdbc:mariadb yake farawa. In ka samu sarari ka koyi Maven, kana rubuta sunan direba da lambarsa a pom.xml shi zai sauke, duk da shima in baka ce ya haɗa komai a jar ɗaya ba haka zaka sake zuwa Mile 12 ba direba. Ranar da ka koma Tomcat kuma, wato sabar da take tada manhajojin Java na yanar gizo, ka dawo mu sake zama, can WEB-INF/lib ake sawa kuma nasa rigimar daban ce.

Ɗan_Agege, Asabar 4:55 na yamma

Alhamdulillah ta tashi! Malam Sabo yadda ka faɗa haka akayi ɗaya bayan ɗaya, na kunna MySQL yace Unknown database, na kira ƙanwata Ummi ta kunna laftof, wlh mun fi minti arba'in a waya ina ce mata danna Export tana ce min bata gani ba ashe a wani shafin take, daga ƙarshe dai ta turo, na shigar, na saka wa root kalmar sirri sai kuma na tuna a cikin kod na rubuta fanko, dole na cire ta tukuna sai na koma gida na gyara na sake ginawa, wannan karon da dist ɗin gaba ɗaya zan zo ranar Litinin. Fayil ɗin bat ma yana aiki.

Mun shigar da kayan motar yau a ciki, mutum na farko da aka rubuta wa bashi wata Iya ce mai sari daga Ikorodu, ta karɓi rasit tana juya shi tana kallon Kawu. Shi kuma yace duk da haka yaron shago ya rubuta a littafi shima, sai anyi wata guda ya ga ko direban nawa baya gudu.

Allah ya saka wa kowa da alheri, Yaya Injiniya, Anti Hajara, Malam, har da Abba. Tambaya ɗaya ta rage, in wuta ta ɗauke ana tsakiyar ajiye bayani rumbun zai iya lalacewa? Dan yau sau uku aka ɗauke.

Hajara_Obalende, Asabar 5:12 na yamma

Zai iya, XAMPP ɗin ma wani lokaci ƙin tashi yake bayan an ɗauke wuta babu shiri. Kace wa Kawu ya sayi ƙaramin UPS, batirin nan da yake riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke, kai kuma ka koya wa yaron shago fitar da sql ɗin nan a filash kullum kafin a rufe. Ka buɗe sabuwar tambaya a kan wannan in ka isa gida, ka kama hanya yanzu kafin Ojota ta cushe.